Yadda Za a Zaɓi Mahaɗin Fayil da Zai Buɗe a Windows da Mac da Linux a Ofis Guda

Duk wanda ya taɓa zama a ɗaya daga cikin maɗaba'un unguwar New Town a Accra, wadda dattawan Nima da Mamobi har yau suke kira Legas Tawun, ya san yadda aiki yake ɗaukar zafi idan salla ko zaɓe ya gabato. Mai zane yana kan Mac yana haɗa kalanda, akanta yana kan Windows yana neman takardar farashin da aka ba mai aikin, a ƙurya ga wata tsohuwar kwamfuta da aka ɗora wa Ubuntu, wani nau'in Linux, tana tura aiki zuwa injin bugawa, maigida kuwa ya tafi Tema da waya a hannu yana cewa a turo masa ya gani. Fayilolin duka suna wuri guda, a kwamfutar ajiya ta shagon wadda ake kira saba, amma da zarar akanta ya kwafo adireshin fayil ya aika wa mai zane, sai amsa ta dawo cewa bai buɗe ba. Daga nan sai a koma ga filashi da WhatsApp, fayil ɗaya ya haifi kwafi biyar. Na ga shagon da ya buga katin ɗaurin aure ɗari biyar da kwafin da ba a gyara ranar ba, alhali gyararren yana nan a saba babu wanda ya buɗe shi.

Wannan jagora na mai ƙaramin ofis ne, ko makaranta, ko maɗaba'a, da kuma yaron da aka ɗora wa nauyin kula da kwamfutocin wurin. Abin da nake so a riƙe tun daga farko shi ne, tambayoyi biyu ne mutane suke cakuɗawa: ta wace hanya ake buɗe fayil a yi aiki a kansa, da kuma ta wace hanya ake nuna wa wani inda fayil ɗin yake. Amsar ta farko kusan kullum SMB ce. Amsar ta biyu, wato mahaɗi, adireshin da ake dannawa fayil ya buɗe, ita ce take bukatar zaɓi.

Dalilin da adireshi ɗaya ba ya yi wa kowa

Kwamfutocin nan uku suna jin yaren juna. SMB, wato ƙa'idar da ake raba fayiloli da ita a netwok, ta samo asali ne a kamfanin IBM a 1983 kafin Microsoft ya rungume ta. A 1992 Andrew Tridgell, ɗan ƙasar Ostireliya, ya fitar da manhajar da ta zama Samba, wadda ta ba Linux damar shiga wannan harka, kuma tun 2013 kamfanin Apple ya mayar da SMB hanyar da Mac yake fara gwadawa a maimakon tasa ta da, AFP. Saboda haka shiga saba ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce kowace kwamfuta da irin kwatancen da take yi.

A ɗauka sunan sabarmu sabarofis, babbar foldar da aka buɗe wa ma'aikata kuma, wadda zan riƙa kira rumbu, sunanta aiki. Windows zai rubuta adireshin wani fayil haka: \\sabarofis\aiki\kalanda\bango.pdf. Mac da Linux za su rubuta smb://sabarofis/aiki/kalanda/bango.pdf. Windows bai san abin da zai yi da smb:// ba idan aka danna shi, Mac kuma ba ya gane adireshin da ya fara da \\. Wannan ma da sauƙi, domin duka biyun suna ɗauke da sunan saba. Abin da ya fi ɓata lamari shi ne adireshin cikin gida da kowace kwamfuta take ƙirƙira wa kanta bayan ta haɗu da rumbun. Windows yana ba shi harafi, ya zama Z:\kalanda\bango.pdf, Mac yana ajiye shi a /Volumes/aiki, Linux kuma duk inda mai kula ya ga dama, kamar /mnt/aiki. Aika wa mutum adireshi mai Z: daidai yake da ka ce wa baƙon da ya sauka a tashar Circle ta Accra ya same ka a bayan gidanku. Kwatancen gaskiya ne, amma sai wanda ya riga ya san gidanku zai amfana da shi. Abin da muke nema ya fi kama da adireshin GhanaPostGPS da aka ƙaddamar a 2017, wanda duk mai riƙe da shi zai isa wuri guda ko daga ina ya taso.

Mataki na farko: a san wa zai danna, a ina, da me

Kafin a taɓa kowace na'ura, a ɗauki takarda a rubuta sunayen ayyukan mutanen da suke buɗe fayiloli, da irin na'urar kowa, da wurin da mahaɗin zai same shi. Wannan na ƙarshe shi ne ake yawan mantawa, kuma shi ne yake yanke hukunci. Mahaɗin da aka liƙa a WhatsApp sai ya kasance adireshin intanet, irin mai farawa da http ko https, kafin ya zama abin dannawa. Wanda aka sa a shafin da ake buɗewa da burauza yana ƙarƙashin dokokin tsaron burauzar. Wanda aka sa a tsohuwar manhajar Outlook ta Windows yana iya zama adireshi mai \\ kuma ya yi aiki. Haka kuma a rubuta ko akwai mai bukatar fayil daga wajen ginin, kamar maigida a hanya ko reshe a Kumasi, sannan a rubuta girman fayilolin da aka fi taɓawa. Makarantar da fayilolinta takardun jarrabawa ne da ba su kai megabait ɗaya ba, lissafinta daban yake da na maɗaba'ar da zanen allon talla guda zai iya kai gigabait.

Mataki na biyu: a ba saba suna tabbatacce

Mahaɗi ba ya wuce ƙarfin sunan da ke cikinsa. Kada a gina mahaɗai a kan adireshin lamba irin 192.168.1.20 matuƙar rawuta, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci a netwok, ita ce take raba lambobin yadda ta ga dama, domin ranar da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, na'urorin za su tashi ba bisa tsarin jiya ba, kuma wata tana iya karɓe lambar saba. Mu da muka rayu cikin dumsor, wato yawan ɗaukewar wuta a Ghana, na 2015 ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan wannan. A shiga saitin rawuta a keɓe wa saba lamba guda ta dindindin, sannan a ba ta suna gajere, na ƙananan haruffa, ba tazara, kuma kada ya wuce haruffa 15, domin wannan ne iyakar tsohon tsarin sunaye na Windows. Mac da galibin Linux suna samun saba idan aka ƙara .local a bayan sunanta, Windows 10 da 11 ma suna gane hakan. A gwada sunan daga kowace kwamfuta, a tsayar da siga ɗaya da ta yi wa kowa.

Shawarata ita ce kada sunan ya zama na na'urar kanta ko na mutum. Idan aka sa mata sunan kamfanin da ya ƙera ta, ranar da aka sayi wata sai dai a ci gaba da amfani da sunan da bai dace ba ko kuma a kashe duk mahaɗan da aka tara. Babbar ma'aikata mai sabobi da yawa tana magance wannan da tsarin DFS na Microsoft, inda ake samun suna guda a gaba komai sauyin da aka yi a baya, amma ƙaramin ofis ba ya bukatarsa.

A nan ne kuma ya kamata a kashe SMB1 idan har yana kunne. Ta wannan tsohuwar siga ce cutar kwamfuta ta WannaCry ta bazu a watan Mayun 2017, kuma tun ƙarshen wannan shekara Windows 10 ya daina zuwa da ita a kunne. Idan wata tsohuwar na'urar sikan ta ƙi aiki sai da ita, a nemi wata hanyar karɓar abin da ta ɗauka, kada a mayar da ofis duka baya saboda ita.

Mataki na uku: a gyara sunayen fayiloli

Wannan matakin ba ya cin ko sidi ɗaya, kuma a ganina shi ne yake kawar da rabin ciwon kan. Windows ba ya yarda da waɗannan alamomi tara a sunan fayil: \ / : * ? " < > |. Linux kuwa ya yarda da dukansu ban da /, don haka mai Linux zai iya ƙirƙirar sunan da zai bayyana wa akanta a gurguje ko ya ƙi buɗewa. A wurin Linux, Bango.pdf da bango.pdf fayiloli biyu ne daban, a wurin Windows da Mac kuwa yadda suka zo daga kamfani abu ɗaya ne. Ga kuma tsohuwar iyakar Windows ta haruffa 260 ga dukan adireshi, wadda manhajoji da yawa har yanzu suke tuntuɓe da ita idan aka yi ta cusa folda cikin folda.

Tazara tsakanin kalmomi ita ce babbar mai karya mahaɗi. Manhajojin saƙo da yawa suna ɗaukar tazara a matsayin ƙarshen adireshi, sai su ja layi a rabin farko su bar sauran, kuma a adireshin intanet dole a mayar da ita %20. A yi amfani da - ko _ a madadinta.

Sai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, wato haruffanmu masu lanƙwasa. Ina cikin masu ganin cewa rubuta Hausa ba tare da ƙ da ɗ da ɓ ba tauye harshe ne, kuma sabobin zamani suna ajiye waɗannan haruffa lafiya lau. Sai dai idan suka shiga mahaɗi, kowannensu yana rikiɗa: ƙ ya zama %C6%99, ɗ ya zama %C9%97, ɓ kuma %C9%93. Mahaɗin yana aiki idan an kwafe shi daidai, amma ba mai iya karanta shi ta waya ko ya buga shi da hannu, kuma wanda madanninsa ba su da harafin ba zai same shi ba idan ya nema. Haka lamarin yake ga ɛ da ɔ na harsunan Twi da Ga waɗanda maɗaba'unmu suke bugawa kullum. Alamar ' da ke cikin 'yan da ma'aikata ita ma tana rikita umarnin da ake rubutawa a Linux. Matsayata ita ce a bar sunan folda da na fayil cikin haruffan a zuwa z da lambobi, a kai cikakkiyar Hausa cikin takardar kanta inda mutane za su karanta. Wanda ya zaɓi akasin haka yana da hujjarsa, amma ya gwada a kowace na'ura kafin ya mayar da shi doka. Kwanan wata kuma a fara da shekara, kamar 2025-03-14, domin fayiloli su jera kansu.

Mataki na huɗu: a auna hanyoyin da ake da su

Adireshi mai \\ yana da kyau ƙwarai idan duk ofis Windows ne, smb:// kuma idan duk ofis Mac da Linux ne. Kowannensu rabin amsa ne.

Mutane da yawa suna sa rai ga file://, domin yana kama da adireshin intanet kuma yana da ƙa'ida a rubuce, RFC 8089 ta 2017. Na ɓata lokaci mai yawa a kansa kafin na haƙura. Windows yana fassara file://sabarofis/aiki zuwa rumbun da ke netwok, amma Mac da Linux ba sa zuwa su haɗa maka rumbu saboda shi, suna neman fayil ɗin ne a cikin abin da ya riga ya haɗu, kuma wurin haɗuwar ya bambanta. Bayan haka, Chrome da Firefox suna ƙin buɗe mahaɗin file:// idan an danna shi daga shafin http ko https, kuma da gangan suka yi haka, domin kada wani mugun shafi ya riƙa leƙa cikin kwamfutar mutum. Ana iya sassauta wannan da saiti na musamman a kowace kwamfuta, amma abin da sai an bi kwamfuta ɗaya bayan ɗaya an gyara, to zai lalace ranar da aka kawo sabuwa.

Ƙananan fayilolin gajerar hanya ma kowa da nasa: .lnk na Windows ne, .webloc na Mac, .desktop na Linux. Suna da amfani a kan allon mutum ɗaya, ba su dace da aikawa ba. NFS, wani tsarin raba fayiloli wanda kamfanin Sun ya fitar a 1984, yana da ƙarfi tsakanin na'urorin Linux amma bai warware batun mahaɗi ba. WebDAV, shi ma tsarin raba fayiloli, ya taɓa zama abin fata domin yana bi ta https, sai dai manhajarsa da ke cikin Windows tana zuwa da iyakar kusan megabait 50 ga fayil guda, kuma a Nuwamban 2023 Microsoft ya sanar da cewa ya daina raya ta. Ba zan gina sabon tsari a kanta ba.

Abin da ya rage shi ne mahaɗin https na gaske, wanda ake buɗewa da burauza. Shi kaɗai ne yake buɗewa a Windows da Mac da Linux da Android da iPhone, a imel da WhatsApp da cikin takarda, ba tare da an saita komai a na'urar mai dannawa ba.

Mataki na biyar: a yanke shawarar inda https zai fito

Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce a kwashe fayilolin a kai ma'ajiyar intanet irin Google Drive, OneDrive ko Dropbox. Amfaninta shi ne mahaɗin yana ɗaure ne da lambar shaidar fayil, don haka ko an sauya masa suna ko an matsar da shi wata folda, mahaɗin yana nan da rai. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, abin da zai ishi ƙaramar makaranta ta fara. Mai Linux ya sani cewa Google Drive da OneDrive ba su da manhajar daidaita fayiloli ta hukuma a Linux, Dropbox ne yake da ita.

Sai dai a yi lissafin layi kafin a yi murna. A kebul na gigabit cikin ofis, fayil mai gigabait ɗaya yana wucewa cikin daƙiƙa goma ko makamancin haka. A layin intanet da yake ɗora megabit 10 a daƙiƙa, fayil ɗin nan zai ci fiye da minti 13, ban da kuɗin data. Sannan akwai abin da ya faru ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni ƙwarai a Ghana, aka kuma ɗauki makonni kafin a kammala gyara. Ofishin da duk takardunsa suke ƙasar waje ya zauna hannu rabbana a wannan lokaci, wanda sabarsa take ƙarƙashin teburi kuwa ya ci gaba da aiki. Mai riƙe da bayanan mutane, kamar fasfo na maniyyata ko sakamakon ɗalibai, ya tuna kuma da Dokar Kare Bayanai ta 2012, wato Act 843, wadda ta ɗora masa alhakin tsare su duk inda ya ajiye.

Hanya ta biyu, wadda ita nake ba masu manyan fayiloli shawara a kanta, ita ce a bar fayilolin a sabar ofis, a ci gaba da aiki ta SMB, sannan a buɗe musu ƙofa ta biyu ta burauza. Na'urorin ajiya na Synology da QNAP suna zuwa da wannan a ciki, kuma ana danna fayil a shafinsu a samu mahaɗin rabawa. Mai sabar Linux zai iya ɗora Nextcloud, manhaja kyauta da Frank Karlitschek ya kafa a Jamus a 2016, wadda take da manhajoji na Windows da Mac da Linux da waya, kuma tana iya ɗaukar rumbun SMB da ake da shi ta nuna shi a burauza. Nextcloud yana ba da mahaɗi iri biyu, kuma bambancinsu yana da muhimmanci. Na cikin gida, mai ƙarewa da /f/ da lamba, sai wanda yake da asusu da izini zai buɗe shi, kuma shi ya kamata ma'aikata su riƙa aika wa juna. Na fili kuwa duk wanda ya same shi zai buɗe, don haka na mai aiki ne na waje, kuma a sa masa kalmar sirri da ranar ƙarewa.

Akwai tarko guda a nan da ya kamata a faɗa wa ma'aikata. Idan aka sauya sunan fayil ko aka matsar da shi ta ƙofar SMB, Nextcloud yana iya ɗaukarsa sabon fayil ya ba shi sabuwar lamba, tsohon mahaɗi ya mutu. Saboda haka foldar da aka riga aka raba mahaɗinta, ko dai a bar ta inda take ko a matsar da ita ta cikin Nextcloud.

Game da shiga daga waje, kada a taɓa buɗe ƙofa mai lamba 445, wadda SMB yake bi, zuwa intanet. Wannan ba abin sassauci ba ne. Idan ma'aikata kaɗai ne za su shigo, a yi musu VPN, wato keɓantacciyar hanyar shiga netwok ɗin ofis daga waje, da WireGuard ko Tailscale; na biyun yana aiki ko da layin ofis na kamfanin waya ne da ba ya ba da adireshi na fili. Idan kuma masu kawo aiki ne za su riƙa karɓar fayil, to ana bukatar sunan yanki, wato adireshin intanet na ofis, da takardar shaidar tsaro ta https, wadda Let's Encrypt yake bayarwa kyauta kuma ana saita ta ta riƙa sabunta kanta. A tabbatar sunan nan guda yana aiki a cikin ofis da wajensa, in ba haka ba an koma gidan jiya, mahaɗi biyu ga fayil ɗaya.

Idan babu halin https tukuna

Ba kowane shago ne zai iya wannan a watan nan ba, kuma akwai tsarin da ba ya cin kuɗi. A haɗa rumbun a kowace kwamfuta ta yadda zai riƙa tashi da ita. A Windows a ba kowa harafi iri ɗaya. A Mac a buɗe Finder a danna Command da K, a rubuta smb://sabarofis/aiki, sannan a sa rumbun cikin abubuwan da suke buɗewa idan mutum ya shiga. A Linux a ɗora cifs-utils a ƙara layi a /etc/fstab kamar haka:

//sabarofis/aiki /mnt/aiki cifs credentials=/etc/sirrin-aiki,uid=1000,vers=3.0,nofail,_netdev 0 0

Kalmar nofail tana hana kwamfutar maƙalewa idan ta riga saba tashi bayan an dawo da wuta. Fayil ɗin da ke ɗauke da kalmar sirri kuma a kulle shi ta yadda mai kula kaɗai zai iya karantawa.

Bayan haka sai a kafa dokar gida: duk wanda zai nuna wa wani fayil, ya fara rubutawa daga sunan rumbu, kamar aiki/kalanda/bango.pdf. Ba a danna shi, amma kowa zai iya bi da idonsa cikin daƙiƙa kaɗan, ko a WhatsApp ya same shi. A takardun da za su daɗe, kamar jerin ayyukan wata, a rubuta siga biyu ɗaya ƙarƙashin ɗaya, mai \\ da mai smb://, kuma gara su nuna folda maimakon fayil. Mai Windows da yake son sanin ainihin adireshin da ke bayan harafinsa ya rubuta net use a tagar umarni, mai Mac kuma ya zaɓi fayil ya danna Command da I, zai ga adireshin smb a cikin bayanan.

Mahaɗan da suke ɓoye cikin takardu

Akwai wani nau'in mahaɗi da ba a aikawa kowa amma yana karyewa fiye da sauran: hoton da aka jawo cikin manhajar zane ta InDesign, ko lissafin Excel da yake ɗebo adadi daga wani littafin. Idan manhajar ta ajiye adireshi mai Z: ko /Volumes, to da zarar wani ya buɗe daga wata kwamfuta sai hoton ya ɓace ko lissafin ya tsaya a tsohon adadi, kuma na biyun ya fi haɗari domin ba ya ihu. Maganinsa shi ne kowane aiki ya samu folda guda da ta ƙunshi takardar da duk abin da ta dogara da shi, domin manhajoji su riƙa neman abokan fayil a kusa da shi. InDesign yana da umarnin Package da yake tattara zane da hotuna da haruffa wuri ɗaya, LibreOffice kuma yana da zaɓin ajiye adireshi gwargwadon wurin da takardar take.

Mataki na ƙarshe: izini da gwaji

Mahaɗi yana nuna hanya ne kawai, ba ya ba da izini. Kowane ma'aikaci ya samu asusunsa da kalmar sirrinsa a saba, a daina shigar baƙo mara suna. Ko ba a so ba ma dole ta zo, domin Windows 11 sigar 24H2 ta Pro tana ƙin shiga rumbu a matsayin baƙo, kuma tana neman a riƙa sa hannun tsaro a kan saƙonnin SMB. Idan sabuwar kwamfuta ta ƙi ganin rumbun da tsofaffi suke gani, a fara duba nan kafin a zargi kebul.

Gwajin kuwa a yi shi da mugun fayil, ba mai sauƙi ba. A ƙirƙiri ɗaya mai tazara da ƙ da ' a sunansa, a binne shi cikin folda biyar, a fitar da mahaɗinsa ta hanyar da aka zaɓa, a aika ta imel da WhatsApp, a kuma liƙa shi a cikin takardar Word da PDF. Kowa ya danna daga na'urarsa, har da maigida daga waya a kan data ba a kan wayafai na ofis ba, har da wani da ba shi da izini, domin a ga cewa an hana shi. Daga nan a sauya wa fayil ɗin suna a sake dannawa, a kashe rawuta da saba a kunna su a sake dannawa, a ƙarshe a cire layin intanet a ga abin da ya rage yana aiki a cikin ginin. Abin da aka gani a rubuta shi a takarda guda tare da sunan saba, sunan rumbu, siffar mahaɗin da aka amince da ita da dokar sunayen fayiloli, a manna ɗaya a bango kusa da saba, a ajiye ɗaya a saman rumbun, sannan a sake wannan gwaji duk ranar da aka kawo sabuwar kwamfuta ko aka sauya rawuta.